Alƙalamin Kakanmu da Tulun Inna Dije

A gidanmu na Doguwa, idan masara ta nuna, murhun Inna Dije ne makarantarmu ta dare. Ana idar da sallar isha'i mu jikokinta za mu kewaye ta a rumfar girki, tana juya masara a kan garwashi, mu kuma idonmu na kan wadda ta fi girma. Ni ne kullum ke kai hannu tun ba ta gasu ba, shi ya sa ta raɗa mini suna Angona Sarkin Gaggawa. Takan ce ba ta taɓa ganin mijin da ke ƙona baki kullum bai daddara ba sai ni.

Ba ta cika dogon buɗe tatsuniya ba. Sai dai ta gyara zama ta ce ga ta nan tafe a hankali, mu ce ta iso mu ji ta. Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani tsoho da ya bar wa 'ya'yansa biyu tulun zuma ɗai-ɗai, ya liƙe bakin kowanne da laka da ƙaro har ya zama kamar dutse. Babban ya ɗauko gatari ya kai wa murfin sara, tulu ya dare, zuma ta bi ƙasa, tururuwa suka yi biki. Ƙaramin kuwa kowace safiya sai ya ɗiga ruwa a bakin nasa ya tafi gona. Mutane na yi masa dariya, wai yana shayar da tulu. Wata rana ya taɓa murfin da yatsa, murfin ya zame da kansa.

A nan takan nuna ni da ƙatuwar masara ta ce, "Angona, abin da ruwa ya haɗa, ruwa ke raba shi. Ƙarfi ba ya cikin maganar."

Ni a lokacin zumar da ta zube kawai nake tausayi.

Da na girma na zama malamin makaranta a Kiru, sai na kamu da son tara tsofaffin alƙaluma masu shan tawada, irin na akawunan da. Ina bin 'yan gwangwan da gidajen tsofaffin malamai ina nemansu, matata tana tsokanata wai biro ya cika gari amma ni sai wahala. A cikinsu duka akwai ɗaya da ba na haɗa shi da komai: baƙi ne mai bakin ruwan zinare, na kakanmu, mijin Inna Dije, wanda ya yi akawu a wurin haƙar kuza a Riruwai. Ita ta ba ni shi da hannunta kafin ta rasu.

Bara Baffa Sule, ƙanin mahaifina da ke karantar da Alƙur'ani a Tudun Wada, ya ce in ba shi aron alƙalamin babansa ya ɗan riƙe. Wa zai hana? Bayan watanni ya zo da shi a naɗe cikin hankici, fuskarsa ba walwala. Ashe da tawadar ta ƙare, sai ya ɗura masa tasa ta allo, wadda yake dafawa da gawayi da ƙaro. A ganinsa ya karrama shi ne, don babu tawadar da ta fi wannan daraja a wurinsa. Ƙaron ya bushe a ciki, alƙalami ya toshe, wuyansa ko juyawa ba ya yi.

Ya ce, "Ɗana, na kashe maka kayan Baba ko?"

Na ce babu komai, Baffa. Yana tafiya na ɗauko filaya na kama wuyan alƙalamin zan murɗe. Robar irin ta da ce, matsa kaɗan ta tsage, na kuma san haka sarai. Ƙanshin masarar da maƙwabta ke gasawa ne ya tsayar da hannuna. Ƙaro ne fa. Da ruwa Baffa ya dama shi.

Na ajiye filaya, na tsoma bakin alƙalamin a kofin ruwa. Kullum da safe in zubar in sake sabo in tafi makaranta, matata na cewa yau kuma shayar da alƙalami ake yi. Da farko ruwan bai ko sauya ba, har na fara fid da rai. Sannan wani siririn baƙi ya soma fitowa kamar zare. Ranar da na murɗa da yatsu biyu ya juya, sai da na zauna a ƙasa don daɗi.

Na wanke shi tas, na ɗura masa tawadar da ta dace da shi, na hau mota zuwa Tudun Wada. Baffa ya karɓa, ya ja bisimilla a takarda, layin ya fito sumul. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rubuta sunan mahaifiyarsa Inna Dije a ƙasa da addu'ar neman rahama.

Da ina yaro na ɗauka Inna Dije zuma take koya mana ci. Yanzu na gane ni take ja wa kunne, tun da ta san hannun da za ta bar wa alƙalamin mijinta. Allah Ya jiƙanta. Angon nata dai ya jira masara ta gasu, ko da sau ɗaya ne.