Kwanon da na ware wa kaina

Ƙayar tarwaɗa ɗaya ta soke mu, ni da ƙanena, ranar da muka sayo kifi a bakin dam ɗin Mairuwa muna gyarawa. Shi ya tsotse jinin ya tofar, kwana uku hannunsa ya warke. Nawa sai bayan wata guda ya fito da ƙurji a ɗan yatsan dama, ja, mai tauri, sannan wasu suka biyo shi a jere har gwiwar hannu.

A gidanmu maza kwano ɗaya muke ci, Baba a tsakiya, ni a damansa tunda ni ne babba. Ni kuwa mutum ne mai wasiwasi, ko alwala sai na maimaita. Na ce a raina idan kuturta ce fa, na shafa wa tsoho? Sai na ce a riƙa zuba mini nawa daban. Wallahi na zaci za su ce a'a. Sai kawai aka zuba mini daban. Washegari ƙanena ya matsa ya zauna a wurina.

Daga bakin zaure nake kallonsu da cokali a hannu. Baba yakan tura tsokar nama gaban wanda ke damansa, yanzu gaban ƙanena take zuwa. Na riƙa duban hannun nan nasa, sumul, yana yankar tuwo. In yi istigfari, don na san hassada tana cinye lada, in sake ɗago kai in duba.

Wata huɗu ana haka kafin wani likita ya yanki ɗan naman ƙurjin aka auna. Ya ce wata ƙwayar cuta ce ta ruwa da kifi, ba kasafai ake ganinta ba. Ta samu hanya ne saboda ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da na daɗe ina saya a kemis sun raunana garkuwar jikina. Na tambaye shi sau uku ko tana yaɗuwa a kwano. Ya ce a'a, sau uku.

Na dawo da magani na watanni, amma na kasa faɗa musu cewa ba ta yaɗuwa. In sun ce sun fi jin daɗi haka fa? Ranar Juma'a dai na daure na faɗa, ina daga bakin zaure.

Baba ya ce, "To mi kake jira? Kai ka kori kanka, mu mun ɗauka ƙyamarmu kake."

Ƙanena ya ce, "Yaya, ka zo a makare, kujerar ta yi mai ita."

"Tashi, ɗan nema," in ji Baba.

Ya matsa yana dariya, na zauna, tsokar ta zo gabana. Tabon yana nan a jere har yau, kuma idan muka miƙa hannu cikin kwano tare, na ƙanena nake fara kallo.