Ranar da Kyaftin Ɗinmu Ya Zauna a Benci a Challawa

Mun tashi da asuba, ana sallame salla muka loda jakunkuna a tsohuwar bas ɗin kwalejinmu, muka kamo hanyar Kano daga can cikin Jigawa. Ku da kuke ta aiko mini da saƙo kuna tambayar yadda muka ƙare a gasar ƙwallon kwando, to ga labarin. Ku yi mini uzuri idan na ja shi da tsawo, don har yanzu hankalina bai gama dawowa jikina ba.

Ni ne kocin yaran, ni kuma nake koyar da darasin motsa jiki. Ana jibi za mu taso shugaban kwaleji ya kira ni ofis, ya gaya mini magana ba ƙumbiya-ƙumbiya. Filin wasanmu shi kaɗai ne wuri mai siminti kusa da ƙofar shiga, malamai kuma sun daɗe suna kukan ba su da inda za su ajiye mota. Kwamiti ya riga ya sa wa filin ido. Ya ce, "Malam, wasa uku za ku yi a rukuni. Ku ciyo mini ko ɗaya ne, in sami bakin magana a gaban kwamiti. Idan kuka dawo hannu rabbana, sai dai a cire ƙarafunan kwandon nan." Yaran ma duk sun san zancen. Da wannan maganar na hau mota, ita ta hana ni shan shayin da muka tsaya saya a Gujungu.

Hanya dai kun san ta. Wani wurin sumul, wani wurin kuma direbanmu sai ya tsaya ya zaɓi ramin da ya fi sauƙin faɗawa. Rediyon motar ya mutu tun bara, amma ba mu yi kewarsa ba, don direban bai rufe baki ba har Gezawa. Daga nan tireloli suka fara matse mu, muka kutsa ta 'Yankaba cikin warin albasa da ihun 'yan dako, sai ga mu a Bompai rana ta fara zafi. Rabin masana'antun unguwar a rufe suke, ciyawa ta fito a bakin ƙofofinsu. Waɗanda ke aiki kuwa, nan warin narkakkiyar roba, gaba kaɗan ƙanshin alewa. Masu masana'antu ne suka shirya wa kwalejoji gasar, shi ya sa aka raba wasannin a filayen ma'aikata na Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Bari in gaya muku su wa na kawo. Akwai kyaftin ɗinmu, ɗan shekarar ƙarshe, dogo ne ƙaƙƙarfa, duk yaran Yaya suke ce masa. A yankinmu babu mutum ɗaya da zai iya tsare shi a ƙarƙashin kwando. Mahaifinsa a wata majema yake aiki a Challawa, sai da salla yake zuwa gida, kuma bai taɓa ganin ɗansa yana wasa ba. Ya yi alkawarin zuwa ranar wasanmu na uku. Sai kuma 'yan shekarar farko guda biyu da nake alfahari da su, musamman wani bahago siriri, wanda a wurin atisaye idan ya tsaya a bayan layin maki uku sai ka gaji da ɗauko masa ƙwallo daga cikin raga.

Zangon farko a Bompai mun yi abin da muka saba. A ba Yaya, Yaya ya juya, ƙwallo ta shiga. Har na fara jin yunwar shayin da na ƙi sha. Ana dawowa zango na biyu sai na ga abokan karawarmu sun canza tsayuwa, biyu a gaba, uku a baya. Abin da 'yan wasa ke kira zon ke nan: ba wanda yake bin mutum, kowa wurinsa yake tsarewa, ƙwallo na shigowa tsakiya su rufu a kanta. Maganinsa ba ɓoyayye ba ne. Ka jefa daga nesa, idan ta shiga sau biyu sau uku dole su fito su tare ka, tsakiya ta buɗe. Mun yi atisayen wannan har ba adadi.

Amma me? Ƙwallo za ta zo hannun bahagon nan, babu kowa a gabansa, filin da za a iya shanya gero. Zai kalli kwando, ya kalli Yaya, sai ya cusa ta tsakiyar mutum uku. Su ƙwace, su ruga, su ci. Na yi ihu, "Jefa! Jefa mana, don Allah!" har muryata ta dishe. Aka cinye mu cin da ba na son tunawa.

A wata firamare a Hotoro aka sauke mu, sauro ya yi mana maraba yadda ya kamata. Da safe na tara su a inuwa, na zana tsayuwar zon a ƙasa da tsinke, na nuna wa kowa inda zai tsaya da lokacin da zai jefa. Kowa ya ce ya gane. Na ɗauka tsoron birni ne ya kama su, kwana ɗaya zai sake su.

Daga Hotoro zuwa Sharaɗa sai ka ratsa gari, kuma masu adaidaita sahu na Kano ba su san akwai wani abu wai shi birki ba. Direbanmu ya yi addu'a, ya yi zagi, ya koma addu'a. Sharaɗa kuwa ƙarar janareto ce ko'ina, tireloli sun yi layi suna jiran lodi, ruwan kwata yana gudu shuɗi a nan, ja a can. Ashe labarinmu ya riga mu isa. Kocin waɗanda za mu kara da su ya kalli wasanmu na jiya, don haka tun daga usur ɗin farko suka kafa mana zon. Abin jiya ya maimaita kansa. Na nemi hutu, na yi lallashi, na yi faɗa, na cire wannan na sa wancan. Duk wanda na sa sai ya nemi Yaya. Muka sake faɗuwa, a idona har na fara ganin motocin malamai jere a kan filinmu.

Bayan wasan muka zauna a rumfar wata mai abinci da ma'aikata ke ci a wurinta. Kuɗin kwano ɗaya a nan, a gida mutum biyu za su ci su bar saura, shi ya sa na ce a zuba mana a manyan faranti. Kyaftin ya tsaya can gefe yana waya da mahaifinsa. Ni ban iya ci ba, ina zaune ina kallon farantin ƙananan. Suka cinye shinkafar tas ta gefe-gefe, nama yana tsakiya, babu wanda ya taɓa. Na ce, "Ku kuma me kuke jira?" Bahagon ya ce, "Koci, Yaya bai zo ba."

Nan na gane. Haka muke a gida, haka muke a filinmu. Sabon ɗalibi shi ke share fili, shi ke ɗauko ƙwallo, kuma idan na gaba da shi ya ɗaga hannu, miƙa masa ake yi. Ba wanda ya kafa dokar, tarbiyya ce kowa ya zo da ita daga ɗakin uwarsa. Idan mutum-da-mutum ake tsare mu, ladabin nan riba ne, tunda Yaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Yanzu kuwa mutanen Kano sun gano mu, sun zagaye naman sun zauna.

Na tambayi bahagon a gaban kowa me ya hana shi jefawa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Koci, ina ganinsa a tsaye a ciki, ta yaya zan jefa? Idan ban ci ba da wane ido zan kalle shi? Kuma gasarsa ta ƙarshe ce." Ashe kyaftin yana bayana, ya ji komai. Ya ce, "To gobe ba zan ɗaga hannu ba. Duk wanda ya sami fili ya jefa, ni na ce." Ya raba musu naman, shi bai ɗauki ko tsoka ɗaya ba.

Washegari muka bi hanyar Panshekara zuwa Challawa. Tun kafin ka ga katangar majemun, warin fata yake tarbarka, mai nauyi, irin wanda ke zama a maƙogwaro. Yaran suka toshe hanci suna dariya, har wani ya ce a juya mota. Kyaftin kaɗai bai toshe ba. Ya ce, "Warin nan shi ya kai ni kwaleji." Ɗaya bayan ɗaya suka sauke hannuwansu.

Filin yana bayan kantin ma'aikata, simintinsa duk ya tsattsage, rana kuma kamar a taɓa ta da hannu. Zon muka tarar, kamar yadda muka zata. Kyaftin ya cika alkawari, hannayensa a ƙasa, har da kansa yake cewa, "Jefa!" Suka fara jefawa, amma jifan wanda ke satar kallon wani, ƙwallo ko zoben ba ta taɓawa. Da sun ɓarar sau ɗaya sai kunya ta kama su, su koma cusa masa. Aka tafi hutun rabin lokaci suna gabanmu da tazara mai kyau. Na je na zauna a kan kular ruwa.

Nan kyaftin ya durƙusa kusa da ni ya ce a hankali, "Koci, ku cire ni. Muddin suna ganina a ciki ba za su sake ba." Na ce ya san abin da yake faɗa kuwa, yau fa mahaifinsa zai zo. Ya ce ya sani. Na cire shi.

Ana komawa wasa aka busa jiniyar hutun azahar, ma'aikata suka fara fitowa. Sai ga wani dattijo da dogon takalmin roba, hannayensa sun rine, yana ta leƙen cikin fili. Ya ƙaraso ya ce, "Malam, sannunku da ƙoƙari. Ni ne uban wancan dogon. Ba shi da lafiya ne na gan shi a zaune?" Kyaftin ya tashi ya gaishe shi har ƙasa, ya ce, "Lafiyata lau, Baba. Yau ranar ƙannena ce." Dattijon ya gyaɗa kai, ya zauna a ƙarshen benci.

Jifan bahagon na farko bayan hutun ya daki zobe ya fito. Ya waiwayo benci, kyaftin ya ja tawul ya rufe fuskarsa. Da bahagon ya rasa wanda zai kalla, ƙwallo na sake zuwa ya ɗaga ya sake ta, ta shige ko ƙara babu. Ya ƙara. Ɗan'uwansa ɗan shekarar farko da ke ɗaya gefen shi ma ya samu ƙwarin gwiwa. Dole masu zon suka fito tare su, tsakiya ta buɗe, yaran da ban taɓa ganin sun kutsa ba suka dinga kutsawa. Ma'aikatan da ba su san ko daga ina muke ba suka koma bayanmu suna ihu. Ni kuwa ban ji daɗin komai ba, ido ɗaya a kan maki, ɗaya a kan dattijon nan.

A zango na ƙarshe mun kamo su, ana ci ana ramawa, sai jiniya ta sake kaɗawa. Dattijon ya miƙe yana kakkaɓe riga. Na kama hannun kyaftin na ce, "Shiga, ko na minti ɗaya ne, ya gan ka." Ya ce, "Koci, ina shiga za su koma nemana. Filin kwalejinmu fa?" Idonsa ya yi ja, amma bai motsa ba. Mahaifin ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya bi sahun abokan aikinsa. Bai kai ga shiga ƙofar majemar ba aka busa tashi. Mun ci da maki biyu.

Ba mu fita daga rukuni ba, don haka da la'asar muka kamo hanyar gida. Direba ya tsaya muka sayi gurasa, ya dinga ba da labarin wasan kamar shi ya jefa. A Gezawa na saya musu tsire, kyaftin ya tura takardar gaban bahagon ya ce ya fara ɗauka. Sai da ya faɗa sau biyu kafin yaron ya miƙa hannu. Da safe na je ofis, shugaban kwaleji ya ce magana ɗaya ce, fili ya tsira, malamai su ci gaba da ajiye mota a gindin darbejiya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ladabin da muke taƙama da shi abu ne mai kyau, ba kuma zan hana yarana shi ba. Amma idan ƙarami ya kasa miƙa hannu saboda babba, ihun koci ba ya warware shi, sai babban ya matsa da kansa, kuma matsawar tana da ciwo. Jiya da yamma na wuce ta filin, na tarar da kyaftin a ƙarƙashin kwando yana tsinto wa 'yan shekarar farko ƙwallo suna jefawa. Wata mai zuwa zai gama jarrabawa ya tafi. Wasan Challawa shi ne na ƙarshe da zai yi mana, kuma har yau mahaifinsa bai taɓa ganin ƙwallo a hannunsa ba.