Fentin da Na Zaɓa wa Gidan Inna

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da mahaifiyarmu ta dawo daga aikin Hajji ta tsaya a ƙofar gidanta ta kasa gane shi ba. Har gobe in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai, amma a ranar kam da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ni ne babba a ɗakinmu, kuma a lokacin ina shugabantar makarantar firamare ta ƙauyenmu, can gaba da Bici ta hanyar Kunci. Ka san halin malamin makaranta, wanda ya saba shi ke riƙe da jan biro, shi ke cewa wannan daidai wannan kuskure. To ni nawa har ya yi yawa. A gida ma in na yanke magana, ƙannena sai dai su ce, "To, Yaya."

Daminar da ta gabaci tafiyar Inna ruwa ya ci soron gidanmu na ƙasa, wanda mahaifinmu ya gina kafin rasuwarsa. Sai na ƙudura a raina cewa kafin ta dawo zan sake gina soron da katangar gaba da bulon siminti, ta dawo ta tarar da abin mamaki. Birkilan da ya yi aikin mutum ne mai basira. Ya kawo jan bulo, irin wanda ake gasawa, ya jera shi a gefen ƙofa da kewayen tagogi da gindin katanga, sauran wurin kuma ya shafe da filasta. Kowa ya zo wucewa gona sai ya tsaya ya yaba. Abu ɗaya ya rage: fentin da zai zauna da jan bulon nan lafiya.

Matata ta ce a yi ruwan madara. Ƙanena ya ce fari tas. Na ce musu ruwan madara kowa shi yake yi, fari kuma awaki za su gama da shi cikin mako. Ni ruwan toka nake so, mai haske, irin wanda nake gani a gidajen manya in na shiga Kano. Launi ne na kamala, wanda ya dace da gidan Hajiya.

"To mu je tare mana in taya ka zaɓa," in ji matata.

"Fenti ne fa, ba atamfa ba," na ce da ita.

Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta fasa, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

A Bici mai shagon fenti ya shimfiɗa mini wani kati mai ɗauke da kaloli birjik, kowanne da lambarsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har idona ya faɗa kan wanda ya kwanta mini, na ɗora yatsa. Mutumin ya dubi katin, ya dube ni.

"Malam, na ɗakin amarya ne?"

"Na waje ne. Soro da katanga."

"Wannan ɗin? A waje?"

Raina ya ɗan sosu. Na ce masa ni ba yau na fara shiga birni ba, na san abin da ake yayi. Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, mai abu shi ya san abinsa." Ya sa aka ɗora mini bokitai a bayan a-kori-kura.

Mai fentin da na ɗauko dattijo ne mai ƙarancin magana. Da ya buɗe bokiti na farko, ya juya da sanda, sai ya daɗe yana kallon ciki kamar mai duba rijiya. Ya shafa kaɗan a jikin bango dab da jan bulon, ya ja da baya.

"Malam, ka zo ka gani tukuna kafin in zarce."

Na zo na gani. Ruwan toka ne mai sanyi, ya zauna da bulon kamar tare aka halicce su. Na ce, "Madalla! Abin da nake nema ke nan. A yi shafi biyu."

Ya ce, "To," ya tsoma rola.

Kwana uku ana aiki, Allah ya taimake mu ruwan sama ya ɗaga ƙafa. Lokacin gero ya fara fitar da kai, gonaki sun kewaye gari, kuma hanyar gona ta gabanmu ta bi. Na lura masu wucewa sun ƙaru, har da waɗanda gonarsu ba ta wannan ɓangaren take ba. Sai su tsaya su ce, "Malam, gida ya yi... haske." Wani tsoho ya ce, "Kai, tun da nake ban taɓa ganin irinsa ba." Ni kuwa sai in gyara tsayuwa in ce ai zamani ne. Matata ta leƙo sau ɗaya, ta dafe ƙirji, ta koma ciki. Da na tambaye ta, cewa ta yi warin fenti ne ya hau mata kai. Ƙanena kuma ya daina biyowa ta ƙofar gaba, wai kada ya shafi ɗanyen fenti.

Ranar da jirginsu Inna ya sauka, mu muka je Kano muka ɗauko ta. Da la'asar sakaliya muka shigo gari, mata na guɗa, mutane sun cika ƙofar gida. Direba ya tsaya, na zagayo na buɗe mata ƙofa, ƙirjina cike da alfahari. Ta fito da farin mayafinta da carbi a hannu, ta ɗaga kai, ta tsaya cak. Ta dubi hagu ta ga bishiyar darbejiyarmu, ta dubi dama ta ga rumbun maƙwabci, ta sake duban gidan.

"Nan ina ne?"

"Gidanki ne, Inna. Gyara muka yi miki."

Jama'a suka zuba mata ido. Sai ta ce, "Ni da na tafi sauke farali, wa ya ce muku aure na je yi? Wannan ruwan hodar fa?"

Wurin ya fashe da dariya, irin wadda aka kwana uku ana dannewa. Tsofaffi na riƙe ciki, mata na toshe baki da gefen hijabi. Ƙanena har da zama a kan dakali. Ni kaɗai ne ban gane abin dariyar ba.

Na ce, "Wace hoda, Inna? Ruwan toka ne."

Nan take murmushinta ya canza. Ta kamo hannuna ta ja ni cikin soro, ta ce kowa ya ɗan dakata a waje. Matata ce kawai ta biyo mu. Inna ta buɗe jakar hannunta ta zaro ɗankwali biyu daga cikin tsaraba, ta shimfiɗa a cinyarta.

"Wanne ne ruwan toka a nan?"

Na duba da kyau. "Ai duk ɗaya ne, sai dai wannan ya ɗan fi duhu."

Ta girgiza kai a hankali. "Allah sarki. Ashe har yanzu yana nan."

Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce tun ina ƙarami in aka aike ni fadama tsinko tumatir, sai in haɗo nunanne da ɗanye. Mahaifinmu ya ɗauka wasa ne ke ɗauke mini hankali, har ya sha yi mini faɗa. Ita ce ta lura ba ganganci ba ne, idona ne ba ya rarrabe wasu launuka. Sai ta daina aikena tsinkar tumatir, ta mayar da ni ɗebo ruwa, ba ta kuma faɗa wa kowa ba don kada yara su samu abin tsokana.

Na juya wajen matata. "Ke ma kin sani?"

Ta sunkuyar da kai tana ƙunshe dariya. "Malam, kana tsammanin don me kullum nake ajiye maka hula a kan rigar da za ka sa? Tun satin farko da aurenmu na gane, ranar da ka fito da koriyar hula a kan shadda ruwan ƙasa kana cewa sun dace."

"Shi ne kika bari na yi wa gidan uwata wannan aika-aika?"

"Na ce mu je tare, ka ce ba atamfa ba ce."

Shekarata arba'in da ɗoriya a duniya, ina gyara wa 'ya'yan mutane kuskure, ashe mata biyu ne ke bina a baya suna gyara nawa ba tare da na sani ba. Kunya ta kama ni. Inna ta miƙo mini dabino ta ce, "Ci, ginin ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka. Fenti ai ba kabari ba ne, ana sakewa."

Mako guda cur gidan ya yi a haka, domin Inna ta hana a taɓa shi sai masu zuwa barka sun gama. Ta ce ya ma hutar da baƙi tambaya, ko daga bakin titi ana hango shi. Bayan nan ta sa aka kawo katin kaloli, ita da matata suka fito da hantsi suka kara shi a jikin jan bulon, suka sake fitowa da yamma suka duba, domin a cewarsu launi yana canza fuska da rana. Suka tsaya a kan ruwan madara, ƙofa da tagogi kuma ruwan ƙasa mai duhu. Ni aikina riƙe musu kati. Sai da dattijon nan ya yi shafi uku kafin hodar ta daina leƙowa, kuma a wannan karon har waƙa na ji yana yi.

Daga baya na je asibiti a Kano, likitan ido ya nuna mini wasu hotuna masu ɗigo-ɗigo, ya tabbatar da maganar Inna. Ya ce da abin aka haife ni, ba ya warkewa, ba ya kuma ƙaruwa.

Abin da na koya shi ne, mutum yana iya rantsewa a kan abin da idonsa ya gani, bai yi ƙarya ba, kuma bai yi daidai ba. Na kuma gane cewa in ka zama wanda ba a iya ce wa "ka yi kuskure", mutane ba za su fasa ganin kuskuren ba, faɗa maka kawai za su fasa. Shi ya sa yanzu in na yanke magana na ji kowa ya ce "to" da sauri, ba na jin daɗi. Sai in zauna in ce, "A'a, ku faɗa mini, me kuke gani?"