Ƙodar Taubashi

Ciwon ya fara nuna kansa a ƙafa. Matata ta ce takalminta ya matse ta, na ce abin da ake samu ke nan in an sayi takalmi a bakin tashar Jabi. Daga ƙafa kumburin ya hau fuska, daga nan abinci ya daina shiga, daga baya ta koma yin sallah a zaune. A jere abin ya zo, ni kuwa ina ta cewa gajiya ce.

Lokacin muna zaune a Gwarinpa, a ciki da falo, bayan gidan wani babban ma'aikaci. Ni mai kula da sito ne a wata ma'aikatar tarayya. Shekarun da farar hula suka dawo ne, gari yana ta tsiro kamar an yi masa ban ruwa. Wanda ka sani jiya a kan acaɓa, yau sai ka gan shi a jif yana magana da waya biyu. Ni ban canja ba. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma sitona bai taɓa ruɗewa ba, kuma a gidana kowane abu da wurinsa.

Likitar da ta duba ta 'yar Filato ce, mai Hausa irin ta Abuja, wadda ba ta damu da namiji da mace a magana ba. Ta zana mini a takarda. Zuciya ce ke tura jini, ta ce, jini ya zaga jiki ya kwaso datti, sai ya biyo ta ƙoda. Ƙoda guda biyu ne, can baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Su ne rariya: su tace jini, su riƙe mai amfani, su sauke sauran ya zama fitsari. Hawan jini da ba a kula da shi ba ya cinye wa matata rariyar duka biyu, shi ya sa ruwa ya rasa hanya ya taru a ƙafa. Bayanin ya yi mini, domin kowane abu yana bin na gabansa.

Aka sa ta a wankin ƙoda. Allura biyu a hannu, jini ya fita ta wani siririn bututu, ya shiga na'ura, ya dawo. Tana sauka daga gadon kamar tsumman da aka matse. Da tafiya ta yi tafiya jijiyoyin hannun suka fara gajiya, likita ta ce mafita ita ce dashe. Mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya lafiya lau, in za a samu mai bayarwa.

Ban tsaya neman kowa ba. Mace tawa ce, ƙodar da za ta shiga jikinta tawa ce. Na bar goro, na bar gishiri, na riƙa shan ruwa har abokan aiki suka fara tambaya ko rijiya nake haƙawa a ciki. A lissafina, mutumin da ya haifi 'ya'ya da mace, suka ci tuwo a tukunya ɗaya tun suna da ƙuruciya, ai jininsu ya riga ya saba. Da sakamako ya fito likita ta ce, “Oga, ƙodan ka yana da kyau sosai. Amma jinin ku bai haɗu ba. In na sa mata, jikin ta zai kashe shi.” Na tambaye ta ko zaman aure ba ya gyara irin wannan. Ta ce ko shekara ɗari muka yi, jini ba ya sanin aure.

Aka juya kan danginta. Ƙanenta shi ma hawan jini gare shi. Ƙanwarta tana da ciki. 'Ya'yanmu ƙanana ne. Ana cikin haka sai ga ɗan kawunta.

Dole in faɗi ko shi wane ne. Taubashinta ne, abokin wasanta tun suna yara a gida. Kafin ni, shi ya fara nemanta, ta zaɓe ni. A Abuja ya shiga kwangila, Allah ya buɗa masa, ya gina gida a Jabi mai kallon ruwa, kowa yana ce masa Alhaji. In ya zo gidana sai ya ajiye jif ɗinsa ta toshe ƙofa, ya shigo yana kiran, ina baiwata, shi ɗan namiji ne ita 'yar mace. Ita kuma ta ce masa bawa ba ya zama a kujera, ya sauka ƙasa. Su yi ta dariya ina zaune. Wasan taubashi ne, ba mai hana shi, wanda ya ɓata rai shi ne marar tarbiyya. Don haka ban taɓa ɓata rai a fili ba.

Bai shawarci kowa ba ya je aka gwada shi. Jininsa ya dace da nata, sauran gwaje-gwajen ma suka dace. Ya zo da labarin har gida yana cewa ba zai bar baiwarsa ta mutu ba, in ta mutu wa zai yi masa shara. Dangi suka yi ta sa masa albarka ta waya. Matata ta yi murmushi, ta ce ita ba za ta karɓi komai daga hannun kowa ba sai maigidanta ya buɗe baki ya ce ta karɓa. Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce zan yi shawara.

Na sami limamin masallacinmu bayan la'asar, da tambayoyina a shirye. Ta farko: ya halatta a cire gaɓar mai rai a sa wa wani? Ya ce malamai sun halatta, ceton rai ne, muddin mai bayarwa ba zai halaka ba. Ta biyu: mace za ta tsaya sallah ɗauke da tsokar namijin da ba muharraminta ba, sallar ta yi? Ya ce ta yi, abin da ya shiga jikinta ya kama ya zama nata. Sannan na kawo ta ukun, wadda saboda ita na zo. Na ce tun da nono, wanda ruwa ne da yake wucewa, yana haramta aure tsakanin waɗanda suka sha, to ƙoda fa, da za ta zauna a jiki har kabari? Ba ta mayar da su wa da ƙanwa ba?

Ina so ya ce e. Da ya ce e, da daga masallacin zan wuce Jabi in rungume Alhaji.

Liman ya shafa gemu, ya dube ni ta saman tabarau. “Malam, nono daban, ƙoda daban. Shayarwa ce kaɗai ke haramtawa, ita ma a ƙuruciya.”

“Ke nan in na riga ta, ta gama takaba...”

“Babu abin da ya hana. Sai ka roƙi Allah tsawon rai.”

Na dawo gida. Kwanaki suka yi ta wucewa, ina kai ta wanki ina dawo da ita. Rannan muna cikin tasi, ta jingina kai da gilashi, hannun da aka soke yana naɗe da auduga. Leɓenta ya bushe, ga shi an hana ta shan ruwa sai ɗan kaɗan. Direba yana ta surutun yadda filaye suka yi tsada. Ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

“Malam, in ka ce a'a, shi ke nan, na'ura tana nan har inda Allah ya tsayar. Ba zan yi maka ƙorafi ba.” Ta numfasa. “Amma lokacin da yake zuwa zance a mota kana zuwa a keke, ai ina ganin motar.”

Washegari na sa babbar riga na tafi Jabi. Abin da za a ba iyalinka ba a karɓarsa ta waya, kuma ba a barin mai kyauta ya yi ta tallar kyautarsa, kai ne za ka je ka roƙa. Maigadi ya tsayar da ni a ƙofa sai da aka yi waya ciki. Na tuɓe takalmi, na ƙi kujerar da aka nuna mini, na zauna a kan kafet. Bayan gaisuwa na ce, “Alhaji, na zo roƙon ƙoda.”

Na shirya wa zolaya. Da ya zolaye ni da na sami abin riƙewa. Sai ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya ce in daina cewa roƙo, shi ma tsoro yake ji, bai taɓa kwana a asibiti ba, in taya shi da addu'a. Wannan ya fi mini ciwo.

An yi aikin a wani asibiti da ke wajen Abuja. Na tsaya a baranda na ga an tura gadaje biyu, nasa a gaba, nata a baya, aka rufe ƙofa ɗaya a kansu. Da aka fito da ita, wata jaka tana rataye a gefen gadon. Kafin yamma jakar ta fara cika da fitsari, nas-nas suna ta murna, dangi suna shiga ɗakin Alhaji da kwanukan farfesu. Ni ma na yi hamdala, da gaske na yi. Amma na tsaya ina kallon jakar nan, na san aikin wa nake kallo.

Kafin a sallame mu likitan da ya yi aikin ya kira ni. Ya ce ba su cire nata ba, suna nan a baya sun yi shiru. Sabuwar a mara suka dasa ta, gefen dama, har ana iya jin ta da hannu. Ya ce jiki yana da dakarunsa masu korar duk abin da ba su sani ba, kuma ba za su taɓa yarda cewa wannan ƙodar 'yar gida ce ba. Sai an riƙa ba ta magani safe da yamma, a kan lokaci, har ƙarshen rayuwa, don a kwantar da su. In aka yi sakaci za su far mata. Ya tambaya ko akwai mai tsari a gidan da zai riƙe wannan.

Matata ta nuna ni da haɓa.

Har yau ni nake riƙe da shi. Da safe in jera ƙwayoyin a faranti, fara, sai rawaya, sai ƙananan, in tsaya a kanta har ta haɗiye. Da yamma haka. Jikinta yana son ya kori baƙon, ni kuma ina hana shi. Ban taɓa makara ba.