Fitila da Rana Tsaka

A filin siminti na bayan kasuwarmu a Bandung, wata dattijuwa tana kwance ruf da ciki, kyamara a ido. Laimarta fitilar hoto ta ɗaura wa, ita kuwa rana tana gasa ta. Ina jin hotunan amare ta saba ɗauka, kafin wayoyi su kashe sana'ar.

Dadang, ƙaton da kullum fuskarsa a murtuke, ya taka katakonsa mai taya, irin wanda samari ke wasan tsalle da shi a filin.

"Inna, fitila da rana tsaka? Ko idon ne ya tafi?"

"Ja'iri, hularka ta rufe fuska, rana ba ta kaiwa can. Tashi sama!"

Ya daka tsalle, fitila ta walƙa. Ya leƙa hoton.

"Ashe ina dariya," in ji shi. "Inna, ƙara ɗaya."