Tulun da Aka Binne a Figil

Ladan bai gama kiran asuba ba muka bar Garwa, mu shida: likitan dabbobi, malaman gona biyu, wata nas, direba, da ni ma'aikacin ruwa. Duk farkon damina mukan sadaukar da Asabar guda mu je wata lise, wato makarantar sakandare, a bayan Figil mu dasa itatuwa tare da ɗalibai. Bara mu bakwai ne. Bana buhun taki aka ɗora a kujerar da ke kusa da ni.

Ta bakwai ɗin masaniyar gandun daji ce, an yi mata canjin aiki zuwa Ngawundere. Ban taɓa faɗa mata abin da ke raina ba. Darbejiya guda muka dasa tare a bayan ɗakin karatu, kuma na yi wa kaina alkawari: in na tarar da bishiyar a raye, ranar zan kira ta a waya.

A Pitowa manoma sun fito da garmar shanu suna shirin auduga. Muka sha kunun gyaɗa da ƙosai, wanda ya ƙanƙance har likitanmu ya ce sai an sa tabarau. Kowa ya yi dariya, ni ina kallon hadari yana taruwa a kan duwatsu. Kusa da Figil kuwa ganye duk ya yi furfura da ƙurar masana'antar siminti.

Bara mun yi gardama da ita. Ni na kafe a kan gorar roba mai huji, in kifa ta a gindin dashe. Ita ta ce a binne tulun laka har wuya a cika shi da ruwa, ƙasa ta riƙa tsotsa a hankali. Muka raba layi. Da muka isa na ga nawa layin: rana ta farfasa gorunan, awaki sun ƙarasa sauran. Nata kuwa kore shar.

Shugabar ƙungiyar ɗaliban, 'yar ajin ƙarshe, ta kai ni bayan ɗakin karatu. Darbejiyarmu ta kai min kafaɗa. Ta ce ran da muka tafi Madam, wato abokiyar dashena, ta dawo ita kaɗai ta cire gorata, ta binne tulu, kuma duk Juma'a takan bugo waya ta tambayi ko an cika shi. Watannin farko har takan ce, mai gora bai leƙo ba?

Hannuna na kan waya a aljihu na ce, "Yanzu fa?"

"Ai ta daina tambaya, Malam. Bayan ƙaramar Sallah ta yi aure. Har alewa ta aiko mana."

Na karɓi bokiti na cika tulun da kaina, na mayar da murfin. Muka dasa sababbi har la'asar, ban sake ambatar gora ba.

A dawowa na sa aka tsaya a Pitowa na sayi tulu guda, na zaunar da shi inda buhun taki ya tashi. Ruwa ya tsuge mana kafin mu shiga Garwa. Na tafi ina zaton darbejiya zan tambaya labarin zuciyata, ashe wata da watanni ana tambayata, ni ne ban leƙo ba. Tulun yana nan a tsakar gidana. Har yanzu ban samo abin da zan dasa a gefensa ba.