Layin da Na Tsallake

Ko da zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na karanta wa ƙungiyarmu takarda na tsallake layi ɗaya ba.

A lokacin ruwan dam ɗin Goronyo ya sa albasa ta yi mana yawa, har tana ruɓewa kafin ta yi daraja. Sai wata hukuma ta yarda za ta ba ƙungiyarmu tallafin gina rumbun ajiya. Ni na rubuta takardar neman, don ni kaɗai ne malamin makaranta a cikinmu. Amma da aka zo zaɓen shugaba, sai aka ɗauki ɗan ƙanin babana, mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Na yi masa murna a baki, cikina kuwa kamar an zuba barkono. Ko gaishe shi aka yi da "Shugaba", sai in ji abinci ya fita raina.

Takardar sharuɗɗa ta zo, aka taru a gindin darbejiya na fassara. Za a biya siminti, kwano, katako da ladan magina. Ba za a biya abinci, walima ko kyauta ba. Layi na ƙarshe ya ce duk abin da aka saya kafin a sa hannu, ba za a mayar da kuɗinsa ba. Na dubi ɗan'uwan nawa yana ta gyaɗa kai kamar hakimi, sai na ninke takardar ban karanta layin ba.

Shi kuwa akwai gaggawa. Ya ga an kusa cire albasa, ba a kai ga sa hannu ba, sai ya kai shanun huɗarsa biyu kasuwar Achida, ya sayo kwano da siminti. Ya ce mini, "Malam, in kuɗɗin sun taho sai in maido shanuna." Na ce, "Allah shi sa." Wallahi har da wani daɗi na ji.

Da jami'in hukumar ya zo ya ga rasit, sai ya girgiza kai. "Wanga ba ya cikin lissahi. Wa yak karanta muku takarda?"

Kowa ya juyo kaina.

Ɗan'uwana ya dube ni, duban da ya nuna mini ya gane komai, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, Malam ya karanta muna duka. Ni na ban saurara ba."

An gama rumbu, yana nan har yau. Daminar nan da fartanya ya yi huɗa, yana da shekara hamsin da wani abu, ina wucewa ta bakin gonarsa a kan keke, shi ke fara gaishe ni. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu.

Tun daga nan na san mai hassada ba sai ya yi ƙarya ba, shiru ma ya ishe shi. Yanzu duk wanda ya kawo mini takarda, sai na karanta masa har ƙasa, layin ƙarshe kuma sau biyu.